Filin Tambaya da Amsa kan Motoci: Sauya Famfon ABS da Bawulolinsa

Wasiƙu huɗu ne muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu sun taru a kan na'urar nan da ke hana tayoyin mota cijewa idan an taka birki da ƙarfi, wadda aka fi sani da ABS. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Zariya, ina da mota ƙirar Japan ta shekarar 2008 wadda na saya 'yar Kwatano shekara huɗu da suka wuce. Wata biyu ke nan fitilar ABS mai ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari ba ta mutu ba, ko da yake birki yana kamawa yadda ya saba. Bakanikena ya duba, ya ce bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin man birki ne ya mutu, sai an sauya shi. Ina so ka bayyana mini mene ne wannan bawul, ko ana iya sauya shi shi kaɗai, ko na gwanjo zai yi, da kuma yadda zan gane an yi mini aikin daidai. Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, amin, na gode da addu'a. Akwai tambayar da zan so ka mayar wa bakanikenka cikin mutunci kafin ka ciro ko sisi daga aljihu, ita ce da me ya gane cewa bawul ne ya mutu. Dalilin tambayar zai fito maka sarai idan ka san yadda abin yake aiki.

Idan ka buɗe bonet ka bi siraran bututan ƙarfe da suka fito daga mastan birki, wato na'urar da ke tura man birki idan an taka feda, za su kai ka ga wani curin alminiyam mai kusurwa huɗu, wanda ke ɗauke da ƙaramin injin lantarki mai siffar gwangwani a gefe ɗaya, da baƙin akwati mai babban soket a ɗaya gefen. Wannan shi ne abin da makanikai ke kira famfon ABS. Baƙin akwatin shi ne ƙwaƙwalwarsa, bawulolin da ake magana a kansu kuwa suna cikin curin alminiyam ɗin. A mafi yawan motocin zamani kowace taya tana da bawul biyu: na shiga, wanda a kullum yake buɗe domin man birki ya wuce daga masta zuwa taya, da na fita, wanda a kullum yake rufe. Taya huɗu, bawul takwas ke nan, idan kuma motar tana da tsarin hana ta kubcewa a kwana, adadin yakan kai goma sha biyu. A kowace taya akwai sensa da ke sanar da ƙwaƙwalwar saurin juyawarta. Da zarar ƙwaƙwalwar ta ga wata taya na neman tsayawa cik alhali motar tana tafiya, sai ta rufe bawul ɗin shiga domin kada ƙarfin ya ƙaru, idan hakan bai isa ba ta buɗe na fita man ya ragu ya taru a wani ɗan ma'aji, injin lantarkin ya tura shi ya koma, sannan a sake matse tayar. Ana maimaita wannan sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa direba yake jin fedar birki tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kamfanin Bosch na Jamus ne tare da Mercedes-Benz suka fito da irin wannan tsari mai ƙwaƙwalwar lantarki a shekarar 1978, kuma har yau ginshiƙin aikin bai sauya ba.

Daga nan za ka ga cewa fitilar da ta kunnu ba ta ambaci sunan bawul ba. Abin da take faɗa kawai shi ne ƙwaƙwalwar ta ga wani abu da bai gamsar da ita ba, saboda haka ta janye hannunta ta bar ka da birki na gargajiya. A iya abin da na gani a gareji, mafi yawan lokuta laifin yana can ƙasa wajen taya: wayar sensa da ta tsinke ko ta goge, taɓo da garin ƙarfe da suka liƙe a bakin sensar, zoben haƙoran da take karantawa ya tsage, ko boris da ya saki. Akwai ma wani kuskure da yake yawan faruwa, inda ake sauya boris mai ɗauke da zoben maganaɗisu a gefe ɗaya, a sanya shi a baibai, sai fitila ta kunnu tun kafin mota ta bar gareji. Fiyus da ya ƙone, batir da ya raunana, wayar da ke haɗa famfon da jikin mota idan ta yi tsatsa, da tayoyin da girmansu bai zo ɗaya ba, duk suna iya kunna wannan fitila. Yawancin waɗannan gyaransu bai wuce kashi kaɗan na kuɗin famfo ba, kuma abin takaici ne mutum ya sayi famfo ya ɗaura, washegari fitila ta dawo saboda wata waya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Hanyar tantancewa ita ce a jona kwamfutar binciken mota wadda take iya shiga ƙwaƙwalwar ABS, domin ƙananan na'urorin nan masu araha galibi na injin kawai suke karantawa. Lambobin matsalar birki sukan fara da harafin C. A tsarin da kamfanoni da yawa suke bi, C0035 yana nuni ga sensar tayar gaba ta hagu, C0040 ta gaba ta dama, C0110 kuwa layin injin famfo, yayin da U0121 yake nufin sauran ƙwaƙwalen motar sun daina jin ta bakin ta ABS. Wasu kamfanonin Japan suna da nasu tsarin lambobi, saboda haka sai an duba littafin motar. Lambar ma mafari ce kawai, domin lambar injin famfo tana iya fitowa saboda fiyus ko soket da ya yi kore. Mai bincike na ƙwarai zai auna wutar da ke isa soket ɗin, zai tuƙa motar yana kallon saurin tayoyin huɗu a kan allo ya ga ko wata ta bambanta, sannan ya umarci kowane bawul da injin famfon su yi aiki ɗaya bayan ɗaya yana sauraro.

Idan bawul ya lalace da gaske, sau da yawa ƙafa ce take fara sani kafin fitila. Bawul ɗin fita da ya maƙale a buɗe yakan sa feda ta yi nisa ƙasa kafin birki ya kama, musamman bayan an taka birki a kan rami ko yashi ABS ta yi aiki. Wannan ba zato ba ne, domin a watan Disamba na 2019 kamfanin Ford ya yi kiranyen motoci kusan dubu 600 a Amurka, wato ya nemi a dawo masa da su domin gyara, samfurin Fusion da Mercury Milan da Lincoln MKZ na shekarun 2006 zuwa 2010, saboda irin wannan maƙalewar, wadda aka danganta da tsohon man birki da yake yin kauri idan ya daɗe yana haɗuwa da rufin zinki na bawul. Bawul ɗin shiga da ya toshe kuwa yakan hana mai isa wata taya, mota ta riƙa karkata gefe ɗaya idan an taka birki, ko kuma ya riƙe ƙarfin tayar ta yi ta zafi. Masta da ya gaji yana kwaikwayon alama ta farko, tiyon birki da ya ruɓe ta ciki kuma yana kwaikwayon ta biyu, don haka bakanike mai lura yakan toshe bakin masta ya ga ko feda za ta yi tauri, ko ya sassauta bututu kafin famfo da bayansa ya ga a ina ƙarfin ya maƙale. Tunda ka ce birkinka yana kamawa yadda ya saba, ni hankalina ya fi karkata ga sensa ko waya ko ƙwaƙwalwa, ba bawul ba.

Game da sauya bawul shi kaɗai, a ƙananan motoci ba a yi. A masana'anta ake matse bawulolin a cikin curin alminiyam, ba a sayar da su ɗai-ɗai, kuma duk wanda ya ce zai ɓanɓare ya mayar, kada ka yarda masa da birkin da kake ɗaukar iyalinka da shi. Abin da ake sauyawa shi ne curin gaba ɗaya. Sai dai a wasu motocin ana iya kwance ƙwaƙwalwar ita kaɗai da 'yan sukurori ba tare da an taɓa bututun mai ba, kuma idan dalmar da ke cikinta ce ta tsage saboda zafi da girgiza, ƙwararren mai gyaran lantarki yana iya farfaɗo da ita.

Na gwanjo yana yi, kuma shi ne abin da akasarin mutanenmu suke iya saya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Sharaɗin farko shi ne lambar da ke jikin takardar da aka liƙa wa famfon ta zo daidai da ta naka, harafi da harafi, domin famfo biyu suna iya kama da juna kamar an tsaga kara alhali ɗaya na mota mai jan gaba ne ɗaya na mai jan ƙafa huɗu, ko ɗaya yana da tsarin hana kubcewa ɗaya ba shi da shi. Sharaɗi na biyu, ka leƙa ramukan da bututai ke shiga. Wanda aka ciro aka toshe ramukansa nan take ya fi wanda ya yi watanni a buɗe yana shan danshin teku a kwantena da ƙurar hunturu a kasuwa, domin ƙofofin bawulolin ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana su rufuwa. Ka kuma yi yarjejeniya da mai kaya a gaban shaida cewa za ka dawo da shi idan kwamfuta ta ƙi shi.

Shi aikin kansa ba mai tsawo ba ne, amma yana son tsabta da natsuwa. Za a kashe mota a cire wayar batir ta baƙi, a wanke saman famfon da kewayensa kafin a kwance komai, sannan a yi wa kowane bututu alama ko a ɗauki hotonsa da waya. Yawanci bututai shida ne, biyu daga masta, huɗu zuwa tayoyi, kuma a jikin curin akan ga haruffan da ke nuna mazaunin kowanne. Idan aka danna fedar birki kaɗan aka tokare ta da sanda, man da ke cikin kofin man birki na saman masta ba zai yi ta tsiyaya ba yayin da bututai suke buɗe. Notunan bututun suna buƙatar sifanar nan mai tsaga wadda take rungumar noti kusan ta ko'ina, domin sifana mai buɗaɗɗen baki takan cinye kusurwoyinsa. Wajen ɗaura sabon, dole ne a fara kowane noti da hannu har ya shiga zagaye da dama ba tare da turjiya ba, saboda alminiyam yana da laushi, noti ɗaya da ya shiga a karkace ya isa ya kashe famfon da aka saya yanzu. Ɗaurin ƙarshe ba na nuna ƙarfi ba ne, a motocin Japan da yawa kimanin nyuton-mita 15 ne kacal a ma'aunin ƙarfin ɗauri. A mayar da robobin da famfon yake zaune a kansu, a tabbatar makullin soket ya kama, duk man da ya ɗiga a kan fenti kuma a wanke shi da ruwa nan take domin yana cin fenti. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, da wasu manyan jif-jif masu ma'ajin mai mai tsananin ƙarfi, suna da mataki na musamman na sauke ƙarfin kafin a taɓa kowane bututu, kuma waɗannan ba a kai su wurin wanda bai saba da su ba.

Bayan ɗaurawa akwai sauran aiki biyu, fitar da iska da gabatar da sabon famfon ga motar, kuma a kansu amsa ta gaba ta tsaya. Kafin ka samu damar yin binciken, motarka tana tuƙuwa da fitila mai ruwan ɗorawa, muddin ka san cewa tayoyinka za su iya cijewa idan ka taka birki da ƙarfi, ka ƙara tazara tsakaninka da na gaba, ka rage gudu musamman da damina. Idan jar fitilar birki ta kunnu tare da ita, ka tsaya ka duba kofin mai, kada ka ci gaba da tafiya sai an gano dalili.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar asibiti ce a Katsina. An sauya wa motata famfon ABS makon jiya, fitila ta mutu na ɗan lokaci, amma tun daga ranar fedar birki ta yi laushi kamar soso, sai na taka sau biyu take kamawa. Sau uku ana fitar da iska a tayoyi huɗu babu canji, yanzu kuma wata fitila mai hoton mota tana zamewa ta kunnu. Sun ce in sauya masta. Mece ce shawararka?

AMSA: Hajiya, barka kadai. Shawarata ta farko ita ce ki ajiye motar har sai an gama wannan aiki, domin birkin da sai an taka shi sau biyu ba abin hawa titi da shi ba ne. Masta yana iya lalacewa, musamman tsoho idan aka yi ta tura fedarsa har ƙasa wajen fitar da iska robobinsa suka bi ta wurin da ya yi tsatsa, amma abin da kika bayyana ya fi kama da iska da ta ɓuya a cikin famfon. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ɗan kumfa kaɗan yake shanye takun farko. A cikin curin alminiyam ɗin akwai hanyoyi da ɗakuna da ke bayan bawulolin fita, waɗanda suke rufe a kowane lokaci sai ABS tana aiki. Idan famfon ya zo a bushe, iska tana iya zama a lungunansa, kuma ko an kwana ana taka feda ana buɗe noti a taya ba lallai ne ta fito duka ba.

Yadda ake yi shi ne a fara fitar da iska a tayoyi kamar yadda aka saba, sannan a jona kwamfuta a zaɓi aikin fitar da iskar ABS, ita kwamfutar ta riƙa buɗe bawuloli tana kunna injin famfo tana faɗa wa bakanike tayar da zai buɗe, bayan an gama a sake zagaya tayoyin huɗu. Jerin tayoyin ma ya bambanta daga mota zuwa mota. An saba farawa da tayar da ta fi nisa da masta, amma akwai motocin Honda da littafinsu ya ce a fara da ta gaba ta hagu. A duk tsawon aikin kada a bar kofin mai ya ƙafe, in ba haka ba an koma farko. Wasu makanikai sukan fita da mota kan burji su yi ta taka birki da ƙarfi domin ABS ta motsa iskar, kuma wani lokaci dabarar tana taimakawa, sai dai ba na son ta a motar da fedarta take nutsewa, ga shi kuma ba ta da tabbas.

Fitila ta biyu da kika ambata ta tsarin hana mota kubcewa ce, kuma mai yiwuwa kunnuwarta tana nuna cewa ba a gabatar da sabon famfon ga motar ba. A motoci da yawa ƙwaƙwalwar tana buƙatar a shigar mata da bayanin motar, wani lokaci har da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, sannan a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, a koya mata inda tsakiyar sitiyari yake da yadda motar take idan tana tsaye cak. Aikin mintuna ne ga mai kwamfutar da ta dace. Ina kuma roƙon a sake duba bututan da aka ɗaura, domin idan aka musanya na wata taya da na wata, birki na yau da kullum zai yi kamar lafiya lau, amma ranar da ABS za ta yi aiki sai ta saki tayar da take riƙe da ƙasa ta bar wadda ta cije. Ana gane wannan idan aka ɗaga motar, wani ya taka birki, kwamfuta ta saki taya ɗaya, a juya da hannu a ga ko ita ce ta saku.

Tunda an riga an buɗe layin, a zuba sabon mai gaba ɗaya daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, irin wanda aka rubuta a murfin kofin. Man birki yana shan danshi daga iska. Man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai maki 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa mizaninsa yakan sauka zuwa 140, DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155, kuma ruwan nan ne yake haifar da tsatsar da ke cin bawuloli daga ciki. Kamfanoni da dama sun ce a sauya shi duk shekara biyu ko uku, mu kuwa a nan mota takan tsufa da man da ta shigo da shi ƙasar. Kada a kusantar da DOT 5 mai silikon ga motar da ke da ABS, kada kuma man giya ko na sitiyari ko fetur ya shiga layin ko da ɗigo ne, saboda yana kumbura robobi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direban haya ne tsakanin Gusau da Sakkwato. Abokan aikina da yawa sun cire ABS sun haɗa bututai kai tsaye, sun ce birki ya fi kamawa, ga sauƙin kuɗi. Nawa famfon ya fara yoyo, ina tunanin in bi sahunsu.

AMSA: Ɗan'uwa, na fahimci matsin da kake ciki, kuma maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya, domin a kan tsakuwa ko yashi mai laushi tayar da ta cije takan tara ƙasa a gabanta mota ta tsaya da wuri, ABS kuwa tana iya ƙara tazarar tsayawa a irin wannan wuri. Amma aikinka a kan kwalta yake da fasinjoji a bayanka, kuma tayar gaba da ta cije ba ta jin sitiyari, duk yadda ka murza shi motar miƙewa za ta yi zuwa ga abin da kake ƙoƙarin kaucewa, dabba ce ko babur.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari wanda masu haɗa bututu ba su cika faɗa ba. Tsofaffin motoci suna da wani bawul na ƙarfe da ke rage ƙarfin da yake zuwa tayoyin baya, domin idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. A motocin zamani an cire wannan bawul an miƙa aikinsa ga famfon ABS. Ranar da aka tsallake famfon, tayoyin baya za su sami cikakken ƙarfi, su riga na gaba cijewa, motar ta yi katantanwa a tsakiyar titi. Bugu da ƙari, masta yana da layi biyu da aka raba da gangan domin idan ɗaya ya fashe ɗaya ya tsayar da mota, kuma mai haɗa bututu da bai san tsarin ba yana iya gwama su ya mayar da su ɗaya. A motoci da dama ma agogon gudu da giya mai canza kanta daga ƙwaƙwalwar ABS suke samun labarin saurin mota. Ban yarda ka tsallake shi ba, ka nemi na gwanjo mai lamba ɗaya da naka.

Yoyon da ka ambata kada ka jinkirta shi. A fara duba ko daga bakin noti ne, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko daga tsakanin curin da ƙwaƙwalwa. Na biyun ya fi muni, domin mai yana iya isa ga lantarkin da ke ɗauke da wuta ko da mota a kashe take. A watan Satumba na 2023 kamfanonin Hyundai da Kia sun yi kiranyen motoci sama da miliyan 3 a Amurka saboda fargabar gobara daga wannan sashe, har aka shawarci masu su da su riƙa ajiye su a waje nesa da gini. Tunda motocin Amurka suna shigo mana da yawa, duk mai irinsu yana iya shigar da lambar shasinsa a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motarsa ba.

TAMBAYA: Malam, ni direban tirela ne, ina ɗaukar kaya daga Legas zuwa Kano. Na ji kana cewa ba a sauya bawul ɗin ABS shi kaɗai, amma a motata an taɓa sauya shi. Yanzu wani yana huci kusa da tayar baya. Shin ba ɗaya ba ne?

AMSA: Maigida, gaskiyarka, ba ɗaya ba ne, kuma na gode da ka jawo hankalina. Maganata ta shafi ƙananan motoci masu birkin mai. A manyan motoci masu birkin iska, bawul ɗin ABS abu ne mai zaman kansa da ake ɗaurewa a jikin shasi kusa da tayar da yake yi wa aiki, kamfanoni irin su WABCO da Knorr-Bremse da Bendix suke ƙera shi, kuma ana sauya shi shi kaɗai. A jikin irin na Turai za ka ga lambobi: 1 mashigar iska, 2 mafita zuwa tukunyar birki, 3 kuwa inda yake fesar da iska waje. Idan aka kunna makulli da birki a take, akan ji bawulolin suna fesa iska ɗaya bayan ɗaya, wannan gwajin kansu suke yi, ba matsala ba ce. Hucin da ba ya tsayawa ne abin dubawa, kuma kafin a ɗora wa bawul laifi a tabbatar iskar ba daga tukunyar birkin da robarta ta fashe take dawowa tana fita ta cikinsa ba. Ana gane haka idan aka cire tiyon da ke tsakaninsu aka ga ta wane ɓangare iskar take fitowa.

Idan ya tabbata shi ne, a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa tayoyi waji gaba da baya, a kashe makulli, a sauke iskar tankuna gaba ɗaya kafin a kwance kowane tiyo. A ɗaura sabon bakin fesawarsa yana kallon ƙasa domin ruwa da taɓo kada su taru a ciki, kada kuma a musanya mashiga da mafita. Babu batun fitar da iska a nan kamar na birkin mai. Bayan an tara iska ta cika, wani ya taka birki ya riƙe, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko kumfa zai tashi, sannan a goge lambar matsalar a tuƙa motar kaɗan a ga fitila ta mutu. Idan ka ga ruwa ko baƙin mai suna fita daga tankunan lokacin da ake sauke iskar, a sauya gwangwanin da ke busar da iska a rana ɗaya da bawul ɗin, a kuma duba kwamfuresa, domin wannan dattin ne yake cinye robobin da ke cikin bawul.